Dalilin da Ya Sa Gero Ya Fi Shinkafa Jure Fari

Kowane manomi ya san gero da dawa sun fi shinkafa da alkama jure fari da zafin rana. Babban ɓangare na wannan bambanci yana cikin ganye ne, wajen yadda kowane tsiro ya ke haɗa abincinsa.

Tsiro ya kan haɗa sukari daga ruwa da iskar kabon, da taimakon hasken rana. Iskar tana shiga ne ta waɗansu 'yan kafofi na jikin ganye waɗanda ido ba ya gani, ta nan ne kuma ruwa ke fita. In ƙasa ta bushe, sai tsiro ya rufe kafofin don tattalin ruwa, iskar kabon kuwa ta yanke masa. Watau ƙishirwa ce ke jawo masa yunwa. Bugu da ƙari, sinadarin da ke kama iskar kabon a cikin ganye, wanda a ke kira Rubisko, ya kan yi kuskure ya kama iskar oksijin maimakonta, kuma kuskuren yana ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar zafi. Wajen gyara wannan ɓarna, shinkafa da alkama su kan yi hasarar abin da ya kai rubu'in kabon da suka kama.

A shekarar 1966 waɗansu masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, suka bayyana yadda rake ya ke kauce wa wannan hasara, hanyar da masara da dawa da gero su ma ke bi. Ganyensu yana da 'yan ɗakuna iri biyu. Na waje su ke fara kama iskar kabon da wani sinadari dabam wanda ba ya ruɗa ta da oksijin, sa'an nan su tura ta ɗakunan ciki da ke kewaye da jijiyar ganye, inda Rubisko ya ke. Can ta kan taru da yawa har kuskuren ya kusan gushewa. Saboda haka tsiron ba ya bukatar buɗe kafofinsa sosai, ruwan da ya ke sha kuwa wajen rabin na sauran ne. Masana suna kiran waɗannan tsire-tsire C4, shinkafa da alkama kuwa C3.

A 2008 Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta soma aikin sanya wa shinkafa wannan tsari, daga baya jagorancin aikin ya koma Jami'ar Oxford a Ingila. Aikin yana da wuya ƙwarai, gama ƙwayoyin gado da yawa za a canja, har da ginin ganyen kansa, tun da jijiyoyin ganyen masara sun fi na shinkafa kusantar juna. An sami nasarar dasa waɗansu ƙwayoyin gadon masara cikin shinkafa, amma irin bai kai ga gonar manomi ba tukuna. Abin da ke ƙarfafa zuciyar masana shi ne, wannan tsari ya ɓullo da kansa fiye da sau 60 a dangogin tsire-tsire dabam dabam.

Waɗansu kuwa sun bi gajeriyar hanya. A 2019 masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka sauƙaƙa wa ganyen taba hanyar gyara ɓarnar Rubisko, girmansa ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100 a gonar gwaji. A 2020 kuma Ajantina ta yarda da noman alkama mai suna HB4, wadda aka sa wa ƙwayar gado guda don jure fari.

Lalle wannan al'amari ya shafi ƙasar Hausa, inda ba a noma alkama sai da ban ruwa a lokacin hunturu, kamar a Kadawa ta Jihar Kano. Har wa yau, abin da masana ke wahalar ginawa yana nan cikin gero da dawa, hatsin da asalinsa na Afirka ne. Don haka adana irinsu na gargajiya, kamar yadda cibiyar ICRISAT ke yi a Sadore kusa da Yamai, aiki ne da bai kamata a yi sakaci da shi ba.