Makarantun Kirista a Amurka da Suka Koma ga Nahawu, Mandiƙi da Balaga

A garin Moscow na jihar Idaho a Amurka, wanda suna kawai ya haɗa shi da babban birnin Rasha, akwai wata makarantar kuɗi ta Kirista mai suna Logos. An buɗe ta a 1981 da yara ƙalilan. Iyayen da suka kafa ta, ciki har da wani fasto Douglas Wilson, ba su gamsu da makarantun gwamnati ba, sai suka nemi tsarin karatu a wata lacca da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947. Ƙorafin Sayers shi ne, makarantun zamani suna cusa wa yaro darussa barkatai, amma ba sa koya masa yadda zai koyi abu da kansa, balle ya gane mai yaudararsa da daɗin baki a jarida ko rediyo.

Maganin da ta kawo tsoho ne: fannoni uku da ɗaliban Turai na da suke fara karatu da su, wato nahawu, mandiƙi da balaga. Sabon abin da ta ƙara shi ne raba su bisa shekarun yaro, kuma a kan wannan rabon makarantun suke tafiya har yau.

Ƙaramin yaro yana son hadda, don haka 'yan firamare suke rera ƙa'idojin nahawu, jadawalin lissafi, shekarun tarihi da ayoyin Littafi Mai Tsarki da murya ɗaya. Tun a nan ake fara koya musu Latin, harshen tsohuwar Rum wanda ya haifi Faransanci da Sifaniyanci, kuma Turanci ya ari dubban kalmominsa. Idan yaro ya kai shekara 12 ko 13, lokacin da gardama take shiga jininsa, ba a ce masa ya yi shiru. Ana koya masa yadda ake gina hujja, da yadda ake gane hujjar da ta karye, kamar sukar mutum a maimakon amsa maganarsa. A shekarun ƙarshe na sakandare sai a shiga balaga. A makarantu da yawa ɗalibi ba ya kammalawa sai ya rubuta doguwar muƙala, ya tsaya gaban malamai ya kare ta suna jefo masa tambayoyi. Wannan mataki shi ne mafi burgewa a tsarin, domin hadda ba ta fid da mutum a wurin.

Maimakon taƙaitattun littattafan aji, ɗalibai suna karanta asalin ayyukan Homer, Aflatun, Dante da Shakespeare, da kuma Augustine, malamin Kiristan da aka haifa a 354 a yankin da yake Aljeriya a yau, wanda shi ma koyar da balaga ce sana'arsa kafin ya zama bishop.

Ga wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa, sunayen fannonin nan ba baƙi ba ne. Ajurumiyya a nahawu da Sullam na Al-Akhdari a mandiƙi suna hannun malamai tun da daɗewa, kuma mandiƙin nan da wanda ake koyarwa a Idaho duk daga Aristotle suka samo tushe.

Littafin da Wilson ya fitar a 1991 ya yaɗa tsarin, aka kafa ƙungiyar irin waɗannan makarantu mai suna ACCS wadda yanzu take da ɗaruruwan makarantu. Iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida ma sun rungume shi. A 2015 Jeremy Tate ya ƙirƙiro jarrabawar shiga jami'a mai suna CLT wadda take dogara da tsofaffin littattafai, kuma a 2023 jami'o'in gwamnatin jihar Florida suka amince da ita.

Masu suka suna da abin faɗa. Masana tarihi sun nuna cewa raba fannonin uku bisa shekaru dabarar Sayers ce, ba haka magabata suka yi ba. Kuɗin makaranta kuma yana hana 'ya'yan talakawa da yawa shiga. Abin da ya fi nauyi shi ne ƙasidar da Wilson ya rubuta tare da Steve Wilkins a 1996, wadda ta sassauta munin bautar da aka yi wa baƙar fata a kudancin Amurka. Tabo ne da bai kamata a rufe shi ba, musamman ga mutanen da suke da'awar koyar da tantance hujja.

Sai dai wasu malamai baƙar fata sun ƙi yarda a mayar da wannan gado na Turawa zalla. Anika Prather, wadda ta kafa makarantar Living Water a jihar Maryland, ta haɗu da Angel Adams Parham suka rubuta littafi a 2022 kan yadda kakanninsu suka yi amfani da irin wannan karatu wajen neman 'yanci. Cikin misalan da ake kawowa akwai Frederick Douglass, wanda tun yana yaro bawa a Baltimore ya sayi wani littafin jawabai mai suna The Columbian Orator, ya yi ta bitarsa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jawabin yaƙi da bauta a Amurka.