Guba ko Kyanwa?

Duk mai rumbu a Birnin Kudu ko Gwaram ya san yaƙin ɓera. Ka zuba guba da dare, da safe ka share gawarwaki kana murna. Ba a rufa wata uku ba sun dawo, wataƙila ma kazar uwargida ta tsattsagi gubar ta bi su. Maƙwabcinka kuwa kyanwa ya ajiye, dawarsa na nan lafiya.

Wannan ke faɗo mini a rai idan ana zancen dajin fata mai suna Makel, wanda likita Cyril Toker ya fara bayyanawa a 1972. Ba kasafai ake ganinsa ba, balle a baƙar fata. Ya fi kama tsoffin Turawa da rana ta daɗe tana gasawa, sai waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ƙanjamau ko dashen ƙoda. A 2008 masana a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairas a kusan takwas cikin goma na irin wannan ƙari.

Ɓarawo ne mai sanɗa. Ɗan ƙullutu ne a fuska, wuya ko hannu, mai tauri da sheƙi, yana girma cikin makonni. "Ai ba ya ciwo," in ji tsoho, sai a ce maruru ne, a kira wanzami. Kafin a farga ya kai kaluluwa, ya wuce hanta ko ƙashi. In an gano shi da wuri, tiyata da gasa wurin da na'ura kan wadatar. In ya bazu kuwa, an shiga zaɓin mai rumbu.

Kemo, maganin kashe daji da aka saba da shi, ita ce gubar. Tana narkar da ƙarin da sauri, amma galibi cikin 'yan watanni ya dawo, ta bar ɗan shekara tamanin da amai da ƙarancin jini.

Sabon maganin kuwa, kyanwa yake kwancewa. Jiki na da sojojinsa masu farautar daji, dajin ne ke ɗaure su a turke. Avelumab, da Amurka ta amince da shi a 2017, da pembrolizumab a 2018, igiyar suke tsinkewa. Ƙarin ruwa ne duk mako biyu ko uku. Kusan rabin waɗanda aka fara musu da shi ƙarin na ja da baya, wasu har shekaru. Sauran, kyanwarsu ko motsi. Kuma kyanwar da aka saki ba ta san ɗan tsako na gida ba ne: takan afka wa hanji, huhu ko hanta, shi ya sa gudawa ko tari a wannan lokaci ba na jiƙo ba ne. Mai dashen ƙoda ma tana iya cinye masa ƙodar. Kuɗin kuwa, a sayar da rumbun da gonar ba su kai ba.

Abin da ke hannunmu shi ne a kai tsoho Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano, a yanki tsoka a auna. Likitan kirki ba zai tsaya kan shekaru ba, da ma kirdado ne. Don ya san ko jikin zai ɗauki magani, zai tambaya: "Baba, da ƙafarka kake zuwa masallaci? Kai kake ɗaukar butarka?"