Ɗan Gidan Wa Ne? Yadda Katsinawa Ke Bin Salsala

Kafin a karɓi kuɗin gaisuwar yarinya a tsofaffin unguwannin birnin Katsina, akwai aikin da ake yi a asirce, wato binciken asali. Sai a tashi wani dattijo, ko wata gwaggo mai wayo, ta shiga unguwar su saurayi kamar zumunci ne ya kai ta. In ta dawo za a ji komai: ɗan gidan wa ne, wa ta haifi ubansa, daga ina kakansa ya zo, ko akwai taɓin hankali a zuri'ar, kuma matan da aka kai gidan suna zama ko fitowa suke yi. Dangin saurayi ma haka suke yi wa gidan su yarinya. Maganar aure da yawa a nan take mutuwa, kuma ba a faɗin dalili, sai dai a ce Allah bai yi ba.

A da sunan unguwa kaɗai kan rage wa mai bincike rabin aiki. Wanda ya ce shi ɗan Masanawa ne an san ana maganar zuri'ar Wali Ɗan Masani da almajiransa, ɗan Unguwar Alƙali kuwa ana kyautata masa zaton gidan ilimi. Tsagar da wanzami ke yi wa jariri ita ma takan faɗi dangi, amma yanzu an kusa daina ta.

Ta wajen uba ake lissafin asali, kuma a gidan sarauta abin ya fi fitowa fili. Zuri'ar Muhammadu Korau ta riƙe Katsina har zuwa jihadi, sannan ta koma Maraɗi, inda har yau ake kiran mai mulkin garin Sarkin Katsina. Ummarun Dallaje ya kafa gidan Dallazawa a 1807, suka yi mulki har 1906 lokacin da Turawa suka sauke Sarki Yero suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Daga Dikko sai ɗansa Usman Nagogo a 1944, sai Muhammadu Kabir Usman a 1981, sai Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Yara ma kan jero wannan a ka.

Sai dai jerin sarakuna na maza ne zalla, alhali aure ne ke ɗinke gida da gida. Dubi marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883. Ta wajen uba jikan Sarki Dikko ne, ta wajen uwa kuma jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Mai bin layin uba kaɗai ba zai ga igiyar da ta haɗa fadar Katsina da ta Kano a jikin mutum guda ba. Irin wannan ya cika gidajen hakimai da malamai da attajiran birni.

Wannan sashe na ilimi a hannun tsofaffin mata yake. Su suka san wa aka ba wa, wa ta fita ta sake aure a ina, wane ne ɗan riƙo da ya tashi a gidan kawunsa har mutane suka ɗauka ɗan gidan ne. In ana shirin auren zumunci, ko na 'ya'yan maza ko na taubasai, su ake tambaya, domin su kaɗai za su tuna cewa yaran nan biyu sun sha nono ɗaya shekara ashirin da suka wuce, aure ya haramta tsakaninsu. Ba rajistar da ke ɗauke da wannan. Suna ma shaida ne. Yaron da ake kira Abba ko Baffa, da yarinyar da ake kira Ummi, galibi sunan kaka suka ci aka sakaya don alkunya, kuma tsohuwa ta san takwaran kowa.

A ranar biki ko naɗi maroƙa da zabiyoyi kan fito da salsalar a bainar jama'a, suna kiran mutum jikan wane, tattaɓa-kunnen wane, ana yi musu liƙi. A nan fa sai an yi hattara. Wanda kyauta ke jiransa ba ya ambaton kakan da ya zo garin a bawa, kuma gidaje da dama suna son a ce daga gabas tushensu yake.

Turawan Ingila ma sun sha fama da masu ƙarin gishiri. Daga 1530 zuwa 1688 jami'an sarki kan zaga gundumomi suna neman manyan gidaje su kawo hujjar asalinsu, suna rubuta wa ya auri 'yar wa, domin gona da gida kan bi mace zuwa wata zuri'a. Shi ya sa mai bincike a can ke da takardun da zai bi. A nan abin da ya fi kusa da haka shi ne lissafin magada a gaban alƙali, da ranakun haihuwa da rasuwa da wasu malamai kan rubuta a bangon littattafansu. Akwai kuma bambancin shari'a: a nan ɗan da sa-ɗaka ta haifa ɗa ne cikakke, yana cin gado, yana iya hawa gadon sarauta.

Yau zuri'o'i da yawa a Katsina suna taron shekara, suna buɗe zaure a WhatsApp, wasu har suna buga kundin zuri'a. Abin a yaba ne, amma sau da yawa sai ka ga an jero maza an bar iyaye mata a matsayin "matar wane". Duk mai shirin irin wannan kundi ya fara da ɗakin kakarsa tun tana da rai, ya rubuta sunan kowace mace da gidan da ta fito da gidan da aka kai ta.