Komawa bakin aiki bayan an kama mutum da ƙwaya: abin da ya kamata ku sani

Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal, titi ne na masu neman abinci: direbobin haya, 'yan kabu-kabu, 'yan dako, da ma'aikatan da ke sammako zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai wanda ya fara haɗiyar tramol don ya jure gajiya, har ranar da asirinsa ya tonu. Shugaban tasha ya karɓe makulli, ko ofis ya miƙo masa takardar tuhuma. To, daga nan sai me?

Abin da muka saba shi ne a ɗauki dattijo a je ban haƙuri. Yin hakan mutunci ne, amma ba ya warkar da kowa, domin jarabar ƙwaya ciwo ce. Kuma ta yi yawa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu ta'ammali da su, kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma.

Idan kai ma'aikacin gwamnati ne, ka sani dokokin aikin tarayya sun sa buguwa cikin laifuffukan rashin ɗa'a, jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da nasu ƙa'idojin. Amma takardar tuhuma ba kora ba ce, dama ce ta kare kai. Ka amsa ta a rubuce kafin wa'adi ya cika, ka ajiye kwafi. Kada kunya ta sa ka ɓuya a gida, domin ƙin zuwa aiki ba da izini ba ya fi laifin farko nauyi. Wanda aka kora ba tare da an ji ta bakinsa ba, yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Sai magani, wanda shi ne ginshiƙin maganar. A Kware akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, a cikin Sakkwato akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, hukumar NDLEA ma tana ba da shawara. Mutanenmu suna tsoron a ce "an kai wane Kware", kuma wannan tsoron ya hana da yawa samun sauƙi. Wanda ya daɗe yana shan tramol ko kodin, idan ya yanke lokaci guda sai zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci su taso masa, ya koma ya sha don ya samu sa'ida. Likita ne ya san yadda ake ragewa a hankali. Ka nemi takardar shaidar magani, ita za ka nuna wa maigida. Ka kuma sani wiwi yana iya yin makonni yana fitowa a gwajin fitsarin wanda ya saba sha kullum.

A Amurka, direban babbar mota da ya faɗi gwaji ba ya komawa kan sitiyari sai ƙwararre ya duba shi, ya kammala abin da aka ɗora masa, ya ci sabon gwaji. Bayan ya koma, za a yi masa gwajin ba-zata aƙalla sau 6 a watanni 12 na farko. A ganina tashoshinmu za su iya yin kwatankwacin haka daidai ƙarfinsu. A mayar da mutum, amma kada a ba shi dogon zango ko tafiyar dare tun ranar farko. Ya fara da jigilar Bodinga zuwa Sakkwato, da sharaɗi a rubuce, da wani babba da zai riƙa sa masa ido. Idan kuɗin da ake jira ya kawo kullum ne ya tura shi shan ƙwayar, a sassauta masa.

Shugabannin tasha da na ofis, don Allah ku bar wa mai neman gyara ƙofa a buɗe, amma kada ku danƙa masa rayukan fasinja sai kun ga takardar likita.