Hujin Gefen Buick da Al'adar Ƙirga Shi a Amurka

A Amurka ta farkon shekarun 1950, in mota ƙirar Buick ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta ba sai sun tambayi kuɗinta ba. Gefenta kawai suke duba, tsakanin tayar gaba da ƙofar direba, inda aka jera wasu 'yan zagayayyun huji masu baki na ƙarfe mai ƙyalli. In uku ne, to ƙaramar ce, irin su Super. In huɗu ne, Roadmaster ce, babbar yaya, mai ita kuma ya ci ya tada kai. Har yara a bakin titi sun iya wannan lissafi, suna kiran wannan "mai huji uku", waccan "mai huji huɗu", kamar yadda a da ake gane asalin mutum daga tsagar fuskarsa.

Abin ya samo asali ne daga wani mai zana fasalin motoci a kamfanin, Ned Nickles. A 1948 ya huda gefen tasa Roadmaster mai buɗaɗɗen sama, huɗu a dama, huɗu a hagu. Cikin kowane huji ya sa ƙwan fitila ruwan ɗorawa, ya haɗa wayoyinsu da na'urar da ke raba wa fulogi wuta. Da ya tada inji cikin dare sai fitilun su riƙa walƙiya ɗaya bayan ɗaya. In ya taka totur su ƙara sauri, tamkar wutar da ke fita daga salansar jirgin yaƙi. Lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, jiragen nan na cikin zuciyar kowa. Shugaban Buick na lokacin, Harlow Curtice, ya gani ya yaba, ya ce a sa wa motocin 1949, amma ban da fitilun. Aka raɗa musu suna VentiPorts.

Da farko kamfanin ya ce suna fitar da zafin inji ne. Ba a jima ba aka toshe su, suka zama ado zalla, kuma kasuwarsu ba ta ragu ba. Abin lura shi ne, a wancan lokaci duk Buick silinda takwas gare ta, mai uku da mai huɗu. Ke nan matsayi ake ƙirgawa, ba adadin silinda ba. Kamfanin General Motors, mai mallakar Buick, ya riga ya jera motocinsa hawa-hawa, daga Chevrolet har Cadillac, Buick na biye da Cadillac. Likita ko lauyan da ke jin nauyin shiga Cadillac, kada a ce ya cika nuna isa, sai ya sayi mai huji huɗu, mutane su gane ba tare da ya buɗe baki ba.

An cire hujin a 1958 da 1959, aka dawo da shi a 1960. A 2006 kuma, kan motar Buick Lucerne, adadinsa ya yi daidai da na silinda.

Yau masu riƙe da wannan al'ada su ne ma'abota tsofaffin motoci. Duk watan Agusta sukan yi jerin gwano a titin Woodward da ke yankin Detroit, ƙungiyar Buick Club of America kuma tana taronta na shekara-shekara. A irin wuraren nan za ka ga dattijo ya durƙusa da ƙyalle mai laushi yana goge bakin kowane huji, jikansa na riƙe masa gwangwanin man gogewa. Wanda nasa ya ci tsatsa yakan yi wata da watanni yana neman na asali a kasuwar tsofaffin kaya, domin alƙalan gasa suna rage maki in suka ga na wata shekarar a jikin mota.

Daga baya shagunan kayan mota sun cika da na roba masu gam a baya, matasa suna manna wa kowace irin mota, wani har biyar ko shida a jere. Ban ga laifin mai son ƙawata abin hawansa ba, sai dai na roban ba ya gaya wa kowa komai game da motar. Wanda ya gaji tsohuwar Buick kuwa, ya daure ya bar mata adadin da ta fito da shi daga masana'anta, kada ya ƙara ko ɗaya.