Uwargida, Kada Tsintsiyarki Ta Share Shaida

'Yar'uwa, bin sawu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ko a shekarar 2015, lokacin da satar shanu ta yi ƙamari a dajin Falgore da ya ratsa Doguwa da Tudun Wada, ai makiyayi da maharbi ƙasa suke fara dubawa don gane inda aka kora dabbobi. To yau ɓarawo kan babur ko mota yake zuwa, kuma taya ma tana barin sawunta.

Kowane kamfani da irin zanen da yake yi wa tayarsa, don haka zanen kan nuna irin tayar da faɗinta. Sannan yau da gobe taya na cinyewa, ƙusa ta huda ta, dutse ya yanke ta, mai faci ya yi aikinsa. Waɗannan tabo su ke bambanta ta da 'yan'uwanta. Masu bincike kan ɗauki hoton sawun, su kwaɓa wani gari mai kama da siminti su zuba a kai, in ya daskare su ɗaga shi da zanen cif-cif.

A birnin Tampa na Amurka, a 1984, an yi ta tsintar gawawwakin mata. Sawun da aka samu a wuraren ya nuna mota ce mai tayoyi ba iri ɗaya ba. Da aka kama Bobby Joe Long, sai tayoyin motarsa suka dace da sawun, suka shiga cikin hujjojin da suka ɗaure shi.

Ina ruwanki da wannan? Ke ce mai sharar safe. Idan aka wayi gari an sace akuya ko buhun masara, a Kiru kike ko Bebeji, dakatar da tsintsiya. Hana yara da 'yan jaje tattake ƙofar gida. Kife babbar roba a kan sawun saboda iska da ruwan sama. Ki ajiye rular yara a gefensa, ki ɗauki hoto da waya daga sama sak, sannan maigida ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Amma a yi hattara. Babura da yawa taya iri ɗaya gare su, kuma sawu ba ya faɗin wanda ya tuƙa. Kada ki ambaci sunan ɗan maƙwabta a gidan biki ko bakin famfo, domin zargi kan ja a yi wa marar laifi taron dangi. Ki tsare sawun, ki bar wa hukuma sauran.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, amin.