Bayan an cire nono, rayuwa ba ta ƙare ba

Ranar zubi muka ga wurin zamanta ba kowa. An yi mata aiki a Yamai, an cire nono guda saboda kansa. Wata biyu ke nan da dawowarta, amma ta ƙi fitowa. Da muka je gaishe ta, sai ta ja lulluɓi, ta ce ɗinkin ya warke, kunyar shiga mutane ce ta rage.

Ba ita kaɗai ba ce. Mace in ta sha wannan aiki, akwai tsoron ciwon ya dawo, da tsoron maigida ya juya baya, ga rashin barci. Ga kuma hannu: in an cire kaluluwar hammata, hannun wannan gefen kan iya kumbura ko ya yi nauyi, daka da jan guga su gagara. In ya fara kumburi, a koma likita, ban da tsaga.

To, mu fa? Kansa ba a ɗaukarta a kwano ko tabarma, mu ci tare da ita. Mu karɓe mata daka da ɗibar ruwa. Tun 2021 cibiyar kansa ta Yamai ke gashi da na'ura, amma kuɗin mota daga Maraɗi ko Damagaram ba wasa ba ne. Asusun taimako don irin wannan rana muka aje shi. Mai keken ɗinki ta yi mata ƴar matashiyar auduga, ta sa cikin rigar nono.

Makon jiya ta zo zubi. Ita ma ta ƙirga kuɗin akwati.